Mamar Malam Yohanna ta kwashe mini ɗalibai

"Sir, a taimaka a gama da wuri, ajin Mama zai fara."

Wani ɗalibina ne ya faɗa mini haka ina tsakiyar lacca ta intanet. Ni mai digiri uku.

Tun da sashenmu na kasuwanci a jami'a ya koma koyarwa daga gida, na ɗinka kwat, na jera littattafai a bayana. Abokin aikina Malam Yohanna kuwa daga rumfar cittar mamarsa a Kagoma yake koyarwa, don a nan netwok ke kamawa. Yanzu tsohuwar ce ɗalibai ke rububi.

Na leƙa ajinsa da wani suna. Wata ɗaliba ta tambayi lokacin da ya dace a sayar da kaya. Mama ta matso kusa da waya ta ce, "'Yata, ranar da dillali ya gaishe ki har da tambayar yara, kar ki sayar tukuna."

Har ni sai da na rubuta. Abin ya ci mini rai.

Tawa mamar ta tsufa tana sayar da doya a kasuwar Kafanchan. Kullum in zan fara aji, cewa nake ta rage murya.

Ku gaya mini, da wace fuska zan roƙe ta ta shigo ajina gobe?