Rediyon Harisu da Kujerar Baya

Harisu Yelwa mutum ne mai nawa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. In ka ce masa ya cika jinkiri sai ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da abin da yake yi yadda yake yinsa. Takalmi ma in zai saya sai ya je kasuwa ya duba, ya dawo gida ya kwana, sannan ya koma. Matarsa Zubaida ta ce lokacin da yake neman aurenta har mahaifinta ya ɗauka ya fasa.

Direba ne. Doguwar mota yake ja, mai layin kujeru uku, tsakanin Daura da Mai'adua. Ranar kasuwar Mai'adua mu ne lodinsa, mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa. Unguwa yake zuwa ya ɗebe mu, kaya a but da saman mota, mu cika layi biyu na baya, maza biyu su zauna gaba. Abin da ya samu ranar, zuwa da dawowa, shi ke riƙe gidansa har mako ya zagayo. Sauran ranakun layin tasha ne, wata rana a yi lodi, wata rana a wuni a inuwa.

Maza a gaba, mata a baya, haka muka taso muka tarar. Rediyo kuwa a gaba take, sifikunta biyu a ƙofofin gaba. Saboda haka mu ragowar labari ke iso mana. Sai dai ka ji na gaba sun ce, "Innalillahi," ka tambaya me ya faru, ɗaya ya waigo ya ce, "Ba komai." Shekara da shekaru muna cin wannan "ba komai".

Ana nan sai wani matashin direba, Hafizu, ya sa wa motarsa rediyo mai allo kamar talabijin, da fitilu masu canza kala, da sifiku har baya. A daidai lokacin kuma tsohuwar rediyon Harisu mai cin kaset ta mutu. Rauda mai daddawa ce ta fara komawa motar Hafizu, Siddiƙa mai ƙuli-ƙuli ta bi ta, wasu suka bi su. Harisu ya fara tafiya kasuwa da layin ƙarshe babu kowa.

Na ce masa, "Harisu, ka sayi rediyo ko ka rasa mu duka."

Ya ce, "Inna, zan saya."

"Yaushe?"

"Ina dubawa."

Ya kuwa duba. Shagon Saminu mai kayan sauti yana kusa da inda nake sayen galan, don haka na ga zuwansa ba sau ɗaya ba. Ranar da ya yanke shawara ina zaune a bencin ƙofar shagon. Saminu ya ɗauko masa mai allo, irin ta Hafizu amma ƙarama, ya kunna, fitilu suka hau rawa. Harisu ya karɓa ya juya ta, yana leƙen bayanta.

Saminu ya ce, "Kawu, fuskar ake kallo."

"Kai ka kalli fuskar. Ina ramukan da ake jona amfilifaya mai ƙara sauti?"

"Wannan ba ta da su. Amma kana da amfilifayar ne?"

"Ba ni da ita."

"Sifikun baya fa?"

"Su ma babu."

"To ramin me kake nema?"

Harisu ya ajiye ta a hankali. Ya ce kuɗinsa ba zai kai ga komai da komai a rana ɗaya ba, kuma ba zai sayi rediyon da za a jefar ranar da ya sami halin ƙari ba. Yana son wadda za ta ɗauki sifika huɗu, mai ramuka a baya don na'urar ƙara sauti in Allah ya kawo ta, mai cin memori da wayar hannu, kuma mai maɓallin da ke tura murya gaba ko baya. Allo kuwa, ya ce, shi hanya yake kallo.

Saminu ya hau kan kujera ya sauko da wani kwali daga can sama. Baƙar rediyo ce, ba ado, ƴar tagar lambobi kawai gare ta, kuma ta fi mai allon araha. Harisu ya juya ta, ya ƙirga ramukan da ɗan yatsa, ya sa aka kunna, ya murɗa maɓallin nan ya ga yana aiki. Sannan ya ce zai je ya kwana a kai. Washegari ya saya.

Da aka ɗaura ta, muryar da ta fito ita ce dai ta da, tun da tsofaffin sifikun gaba ne. Mu a baya ba abin da ya canza. Amma Harisu ya sa an ɗaga shimfiɗar ƙasan mota an ja waya mai ja da baƙi tun daga rediyo har ƙarƙashin kujerar ƙarshe, ya bar ragowa mai tsawo a naɗe, tana jiran sifiku. Ya ce sai bayan kaka.

A tasha suka samu abin yi. Hafizu ya leƙa motar ya ce, "Baba, rediyo ka saya ko alkawari?"

Harisu ya ce, "Duka biyu."

Matan da suka tafi suna dawowa jefi-jefi, in motar Hafizu ta cika ko in kiɗansa ya sa musu ciwon kai, amma ba wadda ta zauna. Wata ranar dawowa Rauda ta sayo zabbi a Mai'adua, ɗaurin ƙafar ɗaya ya kwance, ta hau kaɗa fuka-fukai a layin ƙarshe. Rauda ta laluba ƙarƙashin kujera ta ji waya mai laushi, ta ja ta ga ba ta jone da komai, ta sa reza ta yanki abin da ya ishe ta ɗaure zabuwar. Wani makon Siddiƙa ta yanka ta ɗaure bakin buhu. Daga nan ta zama igiyar layin ƙarshe. Mu na tsakiya ba mu sani ba, balle Harisu da ke gaba.

Kaka ta yi, ya sayar da ɗan geron da ya noma, ya sayi sifiku biyu. Sai ya yi abin da bai saba ba: ya bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, har na waɗanda suka guje shi, ya ce kasuwa mai zuwa kowa ta zo, za ta ji labarai da kunnenta. Duk muka ce za mu zo. Rabinmu don mu ga ko Harisu zai cika magana a ranar da ya faɗa.

Ana gobe kasuwa ya kai motar wajen Saminu. Saminu ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo guntun waya da bai kai kamu ɗaya ba.

Ya ce, "Kawu, ɓera ya yi maka aiki. Kuma tawa irin wannan ta ƙare. Mu bari sai wani makon."

Wannan maganar Harisu ce aka mayar masa, kuma kowa ya ɗauka zai karɓa. Saminu da kansa ya ba ni labari: Harisu ya tare mai babur, ya zaga wajen masu gyaran wutar mota, ya sayi waya a hannun na farkon da ya samu, bai juya ta ba, bai ce zai kwana ba. Ya dawo ya kwance kujeru da hannunsa. Kafin magariba an gama.

Da safe mota ta cika maƙil. Yana loda kaya sai ya tsaya a kan buhun Siddiƙa, bakinsa ɗaure da waya mai ja da baƙi. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Siddiƙa, ashe ke ce ɓeran."

Ta ce, "Malam Harisu, Rauda ce ta fara."

Rauda ta ce, "To ai ba ta jone da komai. Ni na ɗauka saura ce."

Bai yi faɗa ba. Ya shiga ya tayar da mota, ya kunna rediyo, ya murɗa maɓallin nan har ƙarshe. Muryar mai karanta labarai ta fito daga bayan kawunanmu, tar, kowace kalma a wurinta. Kowa ta kasa kunne har muka fita gari. Da aka zo kan farashin gyaɗa Rauda ta ce a yi shiru, alhali ita kaɗai ta buɗe baki.

Wani dattijo mai awaki da ke gaba ya ce, "Direba, mu fa ba ma ji." Ya waigo wajena. "Hajiya, me aka ce?"

Na ce, "Ba komai."

Tun daga ranar layin baya bai sake zama babu kowa ba. Harisu yana nan da nawarsa. Amfilifayar har yanzu yana dubawa, amma ya riga ya ja mata waya, shuɗiya, tana naɗe ƙarƙashin kujerar ƙarshe. Ya kuma rataya damin igiya a bayan kujerar tsakiya. Duk ranar kasuwa kafin ya tayar da mota sai ya waigo ya ce:

"Ga igiya nan, mai zabuwa da mai buhu kowa ta ɗiba. Shuɗiyar nan ta ƙasa kuwa, ko baɗi ko bayan baɗi, akwai abin da take jira. Don Allah ku bar mini ita."