Kwarin da Nektariya Ta Ɓoye

Duk tsibirin Kitira babu wanda Nektariya ta yarda da shi, har da limamin coci. Sunanta daga nektar aka ciro shi, ruwan zaƙin da ƙudan zuma ke tsotsa a fure, wanda mutanen dā suka ce abin shan allolinsu ne. Ranar da 'yarta Garifaliya ta zo daga Jamus da kwalin lemo mai wannan kalma a jiki, tsohuwa ta kurɓa ta tofar.

"Faransawa da Italiyawa ma haka suke cewa, Mama. Duk daga yarenmu suka ari kalmar."

"Ara? Sata dai! Sun kwashe kalmar sun liƙa wa ruwan sukari. Saura zumata."

Zumar kuwa ta isa a yi mata gadi. Kowane Yuni takan ɗora amyoyinta a jaki, ɗaya bayan ɗaya, ta kai su wani kwari cike da timari, tsiron da ke ba zuma ƙamshi. Ko marigayi mijinta bai san hanyar ba. Wanda ta fi zargi shi ne Lefteris, maƙwabcinta, shi ma mai kiwon zuma. In ya gaishe ta, sai ta yini tana neman abin da ke bayan gaisuwar.

Bana ta zame a bakin rijiya, ƙugu ya karye. Garifaliya ta zo jinya. Zafi sai ƙaruwa yake, kwamin da ƙudan ke shan ruwa a can kwarin kuma kwana uku yake ƙafewa. In ya ƙafe, aikin shekara arba'in ya tafi. Rana ta huɗu Nektariya ta haɗiye girman kai, ta aika aka kira Lefteris, ta kori 'yar daga ɗakin.

"Matso kunnenka, tsohon ɓarawo. In ka wuce rusasshen coci..."

"Sai in yi hagu, bayan ɓaure," ya ƙarasa mata. "Jiya na cika kwamin."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun shekarar bikin Garifaliya. Ƙudanki na biyo daga rafi. Ke wa kike tsammani yake ƙara miki ruwa a Agusta?"

Kunya ta rufe ta. Shekara ashirin tana kunna wa waliyyi kyandir a coci don godiyar ruwan nan da ta ɗauka karamarsa ce, mai ɗauko shi kuwa ko kofi bai taɓa sha a gidanta ba.

"Garifaliya!" ta ƙwala kira. "Dafa masa kofi, ki zubo masa zuma. Amma ki sa ido a kan cokalin."