Sandar Bello

Jiya ina share rumbu na ci karo da sandar ƙarfen ɗana Bello, duk ta yi tsatsa.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ya kawo ta garinmu Gulma, yana malamin injiniya a jami'a. Ya kafa ta cikin shinkafata, wai ita za ta faɗi lokacin ban ruwa.

Na ce, "Ƙahwata na jin danshi tun ba a haihe ka ba."

Ya ce, "Baba, kai na hwara kawo wa."

Na tumɓuke ta gaban mutane. Na zauna jiran ya zo ban haƙuri, tunda ni na haife shi.

Bai zo ba. Ya buɗe kamfani a ƙasar waje, can aka binne shi.

Har yau ƙafata ba ta yi ƙarya ba. Amma jama'a, me zai rage ni da na bar masa fangali ɗaya na gonar ya gwada?