Sitati da Soson Kifi

Sitati mai wanki da guga ne, kuma ba a banza ya ci sunan sitatin da ake ƙamar da tufafi da shi ba. In ya goge maka wando, karin da zai fitar masa sai ka sa a hankali kada ka yanke. Tun yana saurayi ya fara a ɗakin wankin wani otal, yana jan zannuwan gado daga kwamin wanki zuwa igiya, har Allah ya nufa ya kama shagon kansa a bakin titi: teburin guga, manyan robobi, da ɗaki ɗaya a baya inda yake kwana tun rasuwar matarsa. Mutum ne da in kuna gaisawa ba fuskarka yake kallo ba, wuyan rigarka yake kallo. Kuma abin da ya gani sai ya faɗa maka.

Hawan jini ne ya shiga tsakaninsa da sana'a. Wata rana da hantsi yana cikin guga jiri ya ɗebe shi, ya zauna daɓas cikin kwandon kayan mutane. 'Yarsa, wadda yake kira Uwata, nas ce, tana aure a wata unguwa mai nisa, can saman wani dogon bene. Ta zo ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta kalli abin, ta kalle shi, sai ta zare makullin shagon daga ƙusa ta jefa a jaka.

"Baba, haɗa kayanka. Gidana za ka koma."

"Gidan da ko igiyar shanya babu? In yi me a can, gadin labule?"

"Zama za ka yi. Ka taɓa gwada shi?"

Aka ja, aka ja, daga ƙarshe aka yi sulhu. Mijinta yana da wani akwatin gilashi na kifin ado da ya yasar a bayan ƙofa, ta sa aka kawo. Aiki daga safe zuwa azahar kawai, sauran yinin ya zauna gaban kifi. Makulli kuwa aro ta ba shi.

"In na dawo ƙarshen watan gobe na tarar kifin da rai, kai ma jininka ya sauka, makulli naka ne. In ba haka ba, bene."

A wani lungu na kasuwa ya samo Mai Kifi, wani gajere mai tumbi da magana kamar ana korarsa. Shi ya tsara masa komai, kuma Sitati ya bi tiryan-tiryan. Ya shimfiɗa baƙar ƙasa a gindin akwatin, ya rufe ta da yashi mai tsakuwa. Ruwan famfo sai da ya kwana a roba warin maganinsa ya fita, sannan ya zuba shi a hankali ta kan faranti don kada ƙasar ta tashi. Ya dasa ciyayin ruwa, dogaye a baya, gajeru a gaba, layi-layi kamar ninkin zanin gado. Ya rataya fitila a sama, ya jona ɗan injin tace ruwa mai soso a cikinsa. Mai Kifi ya ce a bar ruwan ya nuna tukuna kafin a sa kifi. Sitati ya jira, yana mitar bai taɓa jin ruwan da ke nuna kamar ayaba ba. Ran da ya je ɗauko kifayen, 'yan ƙanana masu wutsiya kamar mafici, Mai Kifi ya ƙara masa da magana ɗaya: "In soson injin ya toshe, ka ɗan wanke shi."

To, ka ce wa mai wanki ya wanke abu.

Ran da ya buɗe injin ya ga soson ya koma ruwan ƙasa, yana yauƙi, sai da ya yi salati. A ɗakinsa! Ya jiƙa shi a garin sabulu, ya bi da bilic, ya ɗauraye da ruwan zafi, ya maƙale shi a igiya tsakanin rigunan mutane har ya bushe ƙayau. Tunda hannu ya riga ya jiƙe, ya bi ganyen ciyayin da tsohon buroshin haƙori.

Ba a jima ba ruwan ya yi fari-fari kamar ruwan ɗauraya. Kifaye suka taso sama suna buɗe baki. Sitati ya ce datti ne bai fita ba, ya sake wanki. Kullum safiya sai ya tsamo gawa. Da suka rage biyu, ga wata ya raba, ya fara mafarkin matakalar bene. Sai ya naɗe soson a farin hankici ya nufi kasuwa da faɗansa.

"Kai, marasa lafiya ka sayar mini! Duba nan, ka ga laifin tsafta a wajena?"

Mai Kifi ya karɓa ya sunsuna, ya yi atishawa.

"Baba, wannan soson kifi ne ko na wankan jariri?"

"Ba kai ka ce in wanke ba?"

"Na ce ka wanke, ban ce ka yi masa wanki ba! Dattin nan da ka gani, wasu 'yan halittu ne a ciki da ido ba ya gani. Su ke cinye ƙazantar kifin kafin ta zama guba. Leburorinka ne, Baba, ba ka biyansu, ka tashi ka kore su da bilic."

"To yaya ake wanke abu ba sabulu?"

"Ka ɗebi ruwan akwatin a roba, ka matse soson a ciki sau biyu, ka mayar. Shi ke nan."

"Wannan ai ba wanki ba ne, cin amana ne."

Sitati ya waiga ya hango wani akwati mai shuɗin ruwa a gefe. "Ga shi kai ma bula kake zubawa."

"Magani ne! Baba, kar dai ka ce mini..."

"Ban zuba ba. Na dai auna a cokali."

Mai Kifi ya dafe kai. Ya ciro wani soso daga injinsa, baƙi ƙirin yana ɗiga, ya ƙulle a leda ya ce a sa shi haka, kada ya ga ko kumfa. Sitati ya riƙo ledar da yatsa biyu, nesa da rigarsa, har gida.

Sauran kwanakin su ne aiki mafi wuya da ya taɓa yi. Da azahar sai ya rufe shago, ya ja kujera gaban gilashi, ya danne hannayensa ƙarƙashin cinya. Gansakuka ta fara fitowa a gilashin baya, yana kallonta tana kallonsa. Layin ciyayin ya wargaje, kowace ta miƙe inda ta ga dama. Ruwan ya washe da kansa. Wani ɗan dodon koɗi da ya biyo ganye ya fito yana lasar gilashi, Sitati ya sa masa suna Abokin Sana'a, yana yi masa gyara: "Ka bar gefen can, malalaci." A haka barci ya fara sace shi a kujera, abin da bai taɓa yi da rana ba.

Uwata ta zo ran da ta ce. Ta duƙa ta ga kifaye biyun nan suna yawo, sannan ta ga wasu 'ya'yan kifi mitsi-mitsi suna leƙowa daga cikin ciyawar da ta cunkushe. Ta ɗaura masa abin awo. Jinin ya sauka, ba duka ba, amma ya sauka. Ta kai hannu za ta buɗe injin.

"Baba, abin nan ya yi datti fa."

"Kul! Ma'aikata na ciki."

Ta dube shi da kyau, kamar an canja mata uba. Ta ɗauki makullin daga kan tebur ta rataye shi a ƙusarsa da hannunta.

Shi kuwa idonsa na kan wuyan farar rigarta.

"Uwata, wa ya goge miki wannan? Da ƙafa ya yi?"

"Baba!"

"Aiko mini ita gobe da safe. Yanzu jawo kujera, lokacin zama ne."