Kwatancen Malam Silas

Malam Silas ya zo Sakkwato da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar shaidar koyarwa, da niyyar ya yi shekara biyu ya koma Pankshin. Bana shekararsa arba'in da ɗaya a garin, kuma idan aka tambaye shi yakan ce bai gama yanke shawara ba. Tarihi ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Ya san ƙofofin birni da sunayensu, ya san inda majema suke shanya fatar jar akuya, ya san lungun da marina suka tashi suka bar ramukansu. 'Yan asalin gari kan zo su tambaye shi labarin kakanninsu, su koma gida da fiye da abin da suka nema.

Aibinsa ɗaya, shi kuma bai ɗauke shi aibi ba: ba ya kwatance da abin da yake tsaye. Ka tambaye shi gidansa a Mabera, zai ce ka bi ta tsamiyar masu jaki, ka wuce rijiyar Sule, ka karya dama a gonar gero. Tsamiyar an sare ta tun ba a haifi 'yarsa Dorcas ba. Rijiyar an cike ta, an kafa shagon cajin waya a kai. Gonar gero kuwa makaranta ce yanzu, mai hawa biyu. Malam ya san duk wannan. Hujjarsa ita ce shago yakan sake suna duk shekara, amma inda tsamiya ta tsaya ba ya motsi.

Mutum ɗaya ne a unguwar yake gane kwatancen nan, wato Jinaidu mahauci, mai tebur a bakin titi. Shekara talatin suna ciniki suna tsokanar juna. Jinaidu yana kiransa Baƙo, shi kuma yana kiran Jinaidu Sarkin Ƙashi.

Sai ga ranar da dangin Joshua, saurayin Dorcas, za su zo daga Zuru neman aure. Jagoransu Kawu Sunday ne, tsohon soja, wanda ya riga ya ɗage tafiyar sau biyu. Ya aiko cewa ƙarfe biyu zai juya mota, an zauna ko ba a zauna ba, kuma in ya juya sai baɗi. Joshua, wanda ya san gidan ko da ido rufe, al'adar gidansu ba ta yarda ya biyo su ba.

"Baba, bari in tura musu taswira ta waya," in ji Dorcas.

"Manya ne za su zo wurin manya," in ji Malam. "Ba a aika wa surukai ɗigo shuɗi a waya."

Ya zauna ya cika shafi guda da kwatance da hannunsa, aka kai tasha aka ba direban motar Zuru.

Ranar, tun sha ɗaya aka sauke abinci. Sha biyu da rabi waya ta yi ƙara.

"Malam, Sunday ne. Ga mu a Mabera. Babu tsamiya."

"Ƙwarai, babu. Ai an sare ta shekarar da aka ja wuta zuwa…"

"To ina za mu tsaya?"

"Inda take a da."

Kawu Sunday ya ja numfashi, ya lissafa abin da yake gani: kemis, rumfar cire kuɗi, da wani shago mai fenti kore. Malam bai san su ba. Kullum yana wuce su, amma bai taɓa kallon ko ɗaya ba, domin idonsa na kan abin da ke ƙarƙashinsu. Kawu ya kashe waya. Dorcas ta kira shi sau huɗu, amma tsohon soja ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba. Ta shiga ɗaki ta cire ɗankwali. Malam ya fita ƙofar gida ya tsaya a rana, yana leƙen titi, karo na farko yana karanta allunan shaguna.

Ɗaya da rabi Kawu Sunday ya ce a juya. Amma da yake ba zai koma Zuru hannu biyu ba, ya sa aka tsaya sayen nama. Yana jiran awo yana mita, wai gari guda an rasa tsamiya ɗaya.

Mai naman ya ɗago. "Wace tsamiya kuke biɗa, Alhaji?"

"Ni ba Alhaji ba ne. Ta masu jaki."

"Ai gindinta kuka tsaya. Wanga tebur nawa bisa kututturenta yake, nan babana ya yanka nama. Ku baƙin Baƙo ne?"

Jinaidu ya bar wa maƙwabcinsa tebur, ya hau babur da rigarsa ta aiki, motar na biye. A shagon caji ya nuna da hannu ya ce rijiya, a makaranta ya ce gero. Biyu saura minti goma suka tsaya a ƙofar gida.

"Ga kayanka na tsinto maka, Baƙo," in ji shi. "Shekara arba'in ba ka iya gwada ma mutane gidanka ba."

"Ta ina ka biyo da su?"

"Ta tsamiya mana."

"To ka gani," in ji Malam.

Kawu Sunday ya dubi agogo, ya dubi Malam, sannan ya cire takalmi ya shiga. Dorcas ta mayar da ɗankwalinta. Aka yi magana, aka sa rana, har ƙarfe huɗu Kawu bai tashi ba, yana sauraron yadda aka haƙa rijiyar Sule.

Katin biki Dorcas ce ta rubuta da kanta, ta sa: layi na biyu bayan teburin Jinaidu mai nama. Amma Malam ne ya kai wa mai bugawa. Da katin ya fito, a ƙasa da ƙananan haruffa an ƙara: inda tsamiya take a da.