Kwalbar da Za Ta Jira Lili

Ku da ke gida kun dame ni in ba ku labarin Amurka. To ga shi, amma ba mai daɗi ba ne.

Gabashin Greensboro zuwa Pleasant Garden

Ina sallame sallar asuba na tada mota, gari bai waye ba, na nufi gidan Baba Walta, tsohon Baturen da nake jinya. Wankansa, maganinsa, abincinsa, duk ni ce. Likita ya gaya masa da wuya ya ga sanyin bana. Jikarsa Lili za ta cika shekara biyar ranar Asabar, shi kuwa ya kafe sai ya saya mata jar giyar inabi wadda aka matse a shekarar da aka haife ta, a ajiye sai ta kai ashirin da ɗaya ta buɗe. Al'adar gidansu ce, haka kakansa ya yi masa.

Tun jiya na gaya masa tuƙi zan yi, amma hannuna ba zai taɓa kwalba ba. Anti Balaraba, wadda ta samo mini aikin, ta ja mini kunne a waya cewa da mai sha da mai ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Baba ya ce ya ji.

Na tarar da shi zaune bakin gado da kwat ɗinsa a cinya. Kafin in yi masa wanka, in ɗura masa cokali biyu na kunu, in saka tukunyar iskar numfashinsa a mota, hantsi ya yi.

Titin Wendover

Cunkoso kamar kullum, kowa na danna wa kowa hon. Na tura shi a keken guragu cikin wani ƙaton kanti, kwalabe jere har rufi, ina ta waige kada wani ɗan masallacinmu ya hango mayafina a nan. Yaron kantin ya kawo masa kala-kala, yana cewa wannan da daɗi, waccan da zaƙi. Baba ya ce duk na shan bana ne, ba mai kaiwa baɗin baɗaɗa. Muka fito hannu rabbana.

Na ce mu koma gida. Ya ce a'a, akwai wata gonar inabi can yamma cikin tuddai, inda suke zuwa da marigayiya matarsa. Na ja tsaki, ya yi kamar bai ji ba.

Gonar inabi

Mun wuce Winston-Salem, muka saki babban titi muka kama ƙaramar hanya mai lanƙwasa, sai shanu da coci-coci. Na yi azahar a gefen mota, na ci soyayyen dankalin da na saya a hanya, ya huce ya yi lagwani.

Mai gonar dattijuwa ce, ta gane shi, ta tambayi matarsa, ya gaya mata ta rasu. Ta zuba masa ɗan kaɗan daga kwalba uku. Ba ya iya haɗiye giya, harshe kawai yake jiƙawa. A ta ukun ya yamutse fuska kamar wanda ya ciji ɗanyen goro, sai kuma ya yi murmushi. Ya ce ita ce. Wai giyar ajiya sai mai bauri, wadda ba ta shawuwa yanzu. Shekaru ne ke tausasa ta. Mai zaƙi da wuri take mutuwa.

"Kamar ke, Zulai," in ji shi. "Nan da shekara goma sha shida za a iya zama da ke."

"Ni dai ba wanda zai ajiye ni a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kamar kwalba," na ce.

Matar ta yi gargaɗi: zafi ne ajalin giyar, ko na yini ɗaya. A sa ta a duhu, a kwance, don kada matoshin ya bushe. Ita ta ɗora masa kwalbar a cinya.

Hanyar dawowa

Nan eyakwandishan ɗin motata ya mutu, ga aikin titi, ga ranar Yuli tana dukan gilashi. Muna tafiyar hawainiya. Baba ya rungume kwalbar yana kare ta da kwat. Can ya ce a hankali ta fara ɗumi. Bai roƙe ni komai ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da ya roƙa da na samu abin yi wa faɗa.

Na ratse gidan mai. Akwai tsohon zani a but ɗin motar, na jiƙa shi sharkaf a famfo, na fizge kwalbar daga hannunsa na naɗe ta, yadda Inna ke naɗe goran ruwa da jiƙaƙƙen buhu in za a gona. Na sauke gilasai duka don iska ta buga.

"Kin taɓa," ya ce.

"Na gani. Ba makauniya ba ce ni."

Sau biyu na ƙara tsayawa na jiƙa zanin. Shi ma na ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a wuya.

Pleasant Garden

La'asar sakaliya muka iso, kwalbar da sanyinta. Baba ya tsaya a bakin matakalar ɗakin ƙasa na gidansa yana haki, ya leƙa duhun, ya dube ni. Rabonsa da sauka can tun bara. Na sauka. Katakon ajiyar duk ramuka ne wayam sai yanar gizo-gizo. Na zura kwalbar a ramin da ke can ƙasa.

"Kin kwantar da ita?" ya tambaya daga sama.

Na ce na kwantar. Ya ce in gaya wa uban Lili inda take, in bai samu faɗa da bakinsa ba.

Gida

Da magariba na shiga ɗakina. Na wanke hannu, na yi alwala, na nemi gafara. Hukuncin ɗaukar da na yi yana wurin Allah, ban kuma gaya wa Anti ba. Na gode Masa da Ya kai mu Ya dawo da mu, na gode muku da addu'a.

Ranar Juma'a motar asibiti ta ɗauki Baba, bai samu faɗa da bakinsa ba. Ranar Asabar ni na riƙe wa uban Lili tocila muka sauka ɗakin ƙasa.