Yaya Sale da Jinin da Aka Auna

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Sale a unguwarmu ta New Bell. Direban babbar mota ne, yana ɗauko ayaba da gwaza daga Kumba zuwa kasuwar Sandaga a nan garinmu, har rikicin yankin masu jin Ingilishi na ƙasarmu ya sa ya ajiye mota.

Ciwon ya fara masa da ramewa, sai idanunsa suka koma rawaya. Da na kai shi asibiti, aka ce cutar kansa ce, wato ciwon daji, ta kama wata gaɓa a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira pankireyas, kuma ta riga ta bazu zuwa hanta. Likitar ta sa aka ɗebi jininsa. Ta yi mana bayani cewa jini yana nuna yawan kumburin da ke cikin jiki, kuma wanda nasa ya hau sosai ba ya cika daɗewa. Na Yaya ya hau ƙwarai.

Na yi ta yi mata alama da ido ta yi shiru. Shi kuwa ya gyara zama ya ce, "Dokta, ni ba yaro ba ne. Zan ga azumi?"

Ta ce, "Rai na hannun Allah, Malam. Amma in akwai wanda kake son gani, ka kira shi yanzu."

Mutum ɗaya yake son gani: 'yarsa Maimuna, da ke aure a Bamenda, da tsohon ciki. Ranar ya kira ta. Sai aka rufe Bamenda saboda rikicin, ba shiga ba fita, motocin da suka gwada hanya aka ƙone wasu. Kullum da safe yakan ce in jingina shi a bakin ƙofa. Duk babur ɗin da ya tsaya sai ya ɗaga kai. "Dije, duba min, ba ita ba ce?" Ranar da Maimuna ta ƙetaro gadar Bonaberi ta shigo gari, an riga an naɗe tabarmin zaman makoki.

Yanzu ina ji ana cewa awon ya ƙara inganci, likita na iya kintatar lokaci fiye da da. Da Yaya na nan, na san zai yi dariyar nan tasa ta hanci, ya tambaya ko an samo maganin. Ba a samo ba. Hanyar Bamenda ma har yau sai da addu'a ake bin ta.

Nakan zauna in duba abin da ya rage nasa. Motar ta ruɓe a wani gareji. Abokansa na Sandaga sun watse, masu dakon yanzu ba su san sunansa ba. Maimuna ba ta koma Bamenda ba, tana ɗakin da ya rasu ita da 'yarta, kuma ba ta yarda a yi zancensa a gabanta. Ni kaɗai nake ambatonsa da babbar murya, ni ma ƙarfina ya fara ja baya.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Bayana ban san wa zai ambace ka ba.